Birkin iska ba ya tsinkewa babu sanarwa

Duk lokacin da babbar bas ta ƙwace a gangare ta hallaka mutane, bayanin da ake ji bai wuce cewa birki ne ya tsinke ba, sai a yi salati, a yi jana'iza, a rufe maganar. Na yarda da ƙaddara kamar kowa, amma ina ganin wannan bayani ya yi wa masu motoci sauƙi da yawa, domin birkin iska, wanda George Westinghouse ya yi wa rajista a Amurka a 1869 saboda jiragen ƙasa kafin daga baya ya shigo manyan motoci, abu ne da yake nuna ciwonsa kwanaki kafin ya kasa.

Kwampreso, wato injin da ke matsa iska, yana tura iska cikin tankuna, idan direba ya taka birki iskar ta bi tiyo zuwa tukunyar da ke bayan kowace taya, ta tura sanda, sandar ta sa takalmin birki ya matse ganga. A tayoyin baya kuma akwai wani ƙaƙƙarfan sifirin da iska ce take riƙe da shi a matse, ta yadda da zarar iska ta ƙare, shi da kansa zai saki ya kulle tayoyin. Ke nan motar da iskarta ta zube tsayawa ya kamata ta yi. Idan aka ga ta ci gaba da gudu, to akwai abin da aka bari ya lalace tun a gareji.

Mafi yawan lokaci sandar nan ce ta yi nisan tafiya, saboda takalmi ya cinye kuma ba a daidaita shi ba. A tukunyar da ake kira lamba 30, iyakar tafiyar sanda inci 2 ne, kuma idan ta wuce haka ƙarfin matsi yana raguwa ko da agogon auna iska yana nuna tanki cike. A shimfiɗaɗɗiyar hanya direba ba zai lura ba, amma a wuri irin Hawan Kibo, tsakanin Jos da Akwanga, inda ake daɗewa ƙafa na kan birki, ganga tana ɗaukar zafi ta buɗe, takalmi ya ƙara nisa da ita, sai a taka a ji babu komai. Direban da ya sauko gangare mota na cikin babbar giya, yana ta danna birki yana saki, ya haɗa wa kansa masifa biyu, zafi da ɓarnar iska. Akwai kuma wata ɗabi'a da ta fi waɗannan muni, wato bakanike ya ɗaure sifirin da ƙusar da aka tanada don jan motar da ta lalace, saboda tukunya tana yoyo, sannan a bar shi a haka a yi lodin fasinja.

Ruwa ma abokin gaba ne. Iskar da ake matsawa tana tara ruwa a gindin tanki, musamman da damina, shi ya sa ake so yaron mota ya buɗe bawul ɗin kowane tanki kullum bayan aiki. Idan abin da ya fito baƙi ne mai maiƙo, kwampreso ya fara zubar da mai, kuma matatar da ke busar da iska tana neman canji.

Abin da ya fi damuna shi ne gwajin birkin gaba ɗaya bai kai minti goma ba. Littafin da ake jarraba direbobin manyan motoci da shi a Amurka ya tsara shi dalla-dalla: a sa wa tayoyi waigi, a bar iska ta cika zuwa wajen psi 125 (psi ma'aunin ƙarfin iska ne), a kashe inji, a saki birkin ajiya, a taka birki a riƙe minti ɗaya, kuma kada allura ta sauka fiye da psi 3. Daga nan a riƙa dannawa ana saki har ƙararrawar gargaɗi ta yi kuka, wanda ya kamata ya faru kafin iska ta faɗo ƙasa da wajen psi 60, sannan sifirin ya kulle tsakanin 20 da 45. Idan an tayar da inji, iska ta hau daga 85 zuwa 100 cikin daƙiƙa 45. Motocin da agogonsu ke ƙirga da ma'aunin da ake kira bar suna da nasu alƙaluman a littafin kamfani, kuma bar ɗaya kusan psi 14.5 ne.

Na taɓa zama kusa da direba a wata bas ta dare daga Kano zuwa Legas, na ga jar fitilar iska a kunne babu ƙara. Da na tambaya, sai yaron motar ya ce sun cire wayar ƙararrawar ne don tana hana oga sakewa. Ban sauka ba, domin na riga na biya kuɗi, kuma har yau ina jin kunyar hakan.

Mu fasinjoji muna da namu laifin, tunda mu ne muke yi wa direba ihu idan ya tsaya duba mota bayan an cika. Amma nauyi mafi girma yana kan masu motoci da shugabannin tasha. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, da jami'an duba lafiyar motoci, suna iya zuwa tasha kafin lodi su sa direba ya yi wannan gwaji a gabansu, maimakon tsayawa kan takardu a bakin hanya. Ƙungiyar direbobi kuma, da take rubuta sunan kowane fasinja kafin mota ta tashi, ba za ta rasa layi ɗaya a wannan takarda ba da za a rubuta inda allura ta tsaya bayan minti ɗaya, da sunan wanda ya leƙa ƙarƙashin mota ya auna sanda.