Ƙofar Na'isa ta sake rushewa, a falona

Kun dai san akwatin gilashin nan na kifi da ke falona. Kayan adonsa na roba tsada gare su ba gaira ba dalili, kuma daga gidan sarautar Turawa sai jirgin ruwan da ya nitse. Na ce ni Bakano ne, kifayena ma ta Ƙofar Na'isa za su riƙa shige da fice. Na samo yumɓu na gina ta har da zankwaye, na zana dagi a goshinta, na shanya a rana ta bushe ƙarau. Na ɓoye sai yawon sallah.

Ranar falo ya cika maƙil. Surukina na kan doguwar kujera da carbinsa. Na naɗe hannun sabuwar shaddata, na fito da ƙofa a kan faranti, har ɗan jawabi na yi, wai Sarki Gijimasu ne ya fara ganuwar Kano tun ƙarni na 12. Na yi bismilla na zura ta a ruwa.

Ƙananan kumfa suka fara tashi daga jikinta. Na ce, "Baba, iska ce ke fita, haka take yi." Ya gyaɗa kai. Sai zankon dama ya fara rusunawa a hankali, ya ɓalle. Na hagu ya bi shi. Dagi ya zame ya bar goshi fayau. Injin iska kuma bai san ana abin kunya ba, ya ɗebi laka yana ta watsawa, kafin a gama zuba lemo ruwa ya koma kunun tsamiya. Kifi sai dai ka ga jar wutsiya ta gilma. Ni kuwa na tsoma hannu har gwiwa ina tallafar gini, duk inda na kama sai ya biyo yatsuna, hannun shadda ya warware ya bi sahu. Kuma wai har lokacin murmushi nake! Baba ya dubi akwati, ya dube ni, ya ja carbi ɗaya ya ce, "Ikon Allah." Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Sai ga muryar ƙanin matata daga bayan kujera, waya a sama yana ɗauka: "Yaya, kada ka damu, ta gaskiyar ma an rushe ta a 2010." Falo ya kece da dariya, har da masu yi a cikin mayafi. Nan take ya zama malami: wai yumɓun da bai shiga wuta ba ko shekara ya yi a rana laka ne, gashi ne ke mayar da shi tukunya. Wai kuma kada in ce zan koma siminti, sai an jiƙa shi makonni ana sauya ruwa, in ba haka ba ya kashe kifi. To ina wannan ilimin yake lokacin da nake ginin? A gabana ya zauna a tsakar gida yana cinye mini gyaɗa. Shi ne ma ya ce in ƙara wa zankwayen tsawo. Yaron da na biya wa kuɗin jarrabawa fa.

Kifayen dai sun kwana a bahon wanki, babu wanda ya mutu. Uwargida ta fasa gefen asusun yaro, ta goge bakin da dutse kada ya yanke su, ta jefa a akwatin. Sun shige ciki sun ƙi fitowa, yaro kuma kullum sai ya tambaye ni kuɗinsa. Bidiyon na nan yana yawo a WhatsApp na dangi. Wanda ya ga ƙanin matar tawa ya gaya masa ya dawo mini da cajata.