Jadawalin da jami'a ta ba ka rabi ne, sauran rabin kai za ka rubuta

Ƙannena da kuka samu gurbin karatu a jami'a, akwai maganar da nake so ku ji tun kafin zangon farko ya yi nisa, ita ce maganar jadawalin mako. Yawancin sababbin ɗalibai sun ɗauka tsara jadawali shi ne ka je gaban allon sanarwa ka ɗauki hoton takardar da aka liƙa, shi ke nan ka gama. Ni a ganina wannan takardar rabin aiki ce kawai. Ta faɗa maka inda za ka kasance na awa 18 ko 20 a mako. Sauran awoyin ba ta ce komai a kansu ba, kuma a cikinsu ne ake ci ko a faɗi.

A sakandare ƙararrawa ce ke tafiyar da kai tun safe har a tashi. A jami'a kuwa sai ka ga ranar Litinin kana da lacca daga 8 zuwa 10, babu wata sai ƙarfe 2. Talata a cike take maƙil, Laraba lacca ɗaya tak. Ido na ganin waɗannan guraben sai zuciya ta ce hutu ne. Ba hutu ba ne, lokacin aiki ne da aka damƙa maka ba tare da mai tsaronka ba.

Mu yi lissafin a fili. Mako yana da awa 168. A tsarin da jami'o'i da yawa ke bi, yunit ɗaya na kwas yana nufin kusan awa ɗaya ta lacca a kowane mako har zango ya ƙare, idan kuma aikin ɗakin gwaje-gwaje ne, yunit ɗaya kan ci awa biyu zuwa uku. Tsohuwar ƙa'idar da aka gina wannan tsari a kanta ita ce, kowace awa ɗaya a aji tana buƙatar kamar awa biyu na karatun kai. To mai yunit 18 yana da awa 18 a aji da awa 36 a waje, jimla 54. Cire barcin awa 8 a kowane dare, wato 56. Cire awa 3 a kullum na cin abinci da wanka da wanki da zirga-zirga, 21 ke nan. Abin da ya rage awa 37 ne, kuma cikinsu za ka yi ibada, ka huta, ka ga abokai, ka yi duk wata hidima. Lokaci yana nan, ya isa, amma ba mai yawan da za a yi wasa da shi ba ne. Wanda yake aiki a gefe ko yake zaune nesa da makaranta, ya sake lissafin da nasa alƙaluman, zai ga inda abin ya matse.

Tsarin yana farawa ne tun wajen rajistar kwasa-kwasai. Ka nemi littafin jagora na sashenku ka karanta shi da kanka, kada ka dogara da "an ce". Ka fara ɗora kwasa-kwasan dole, domin su ba a ba ka zaɓi a kansu ba. Sai ka ɗora na ɗakin gwaje-gwaje, saboda suna cin awoyi a jere kuma ana raba ɗalibai rukuni-rukuni, don haka sauya lokacinsu yana da wuya. Na zaɓi su ne ƙarshe, su cike inda ya rage. Wanda ya fara da kwas ɗin da yake sha'awa yakan dawo ya tarar ya zauna a kan lokacin na dole.

Abu biyu ka duba a kan kowane kwas. Na farko, shin shi ne matakala zuwa wani kwas na gaba? Akwai kwasa-kwasan da ba za a bari ka ɗauki na biyu ba sai ka ci na farko. Na biyu, sau nawa ake koyar da shi a shekara? Idan sau ɗaya ne kuma ka faɗi ko ka ajiye shi, shekara guda za ka jira, duk abin da aka gina a kansa kuma ya tsaya tare da shi. Irin wannan kwas shi ya kamata ya samu mafi kyawun awoyinka, ko da ba shi ne ya fi burge ka ba. Littafin zai kuma nuna mafi ƙarancin yunit da mafi yawan da aka yarda a ɗauka. Shawarata a zangon farko: idan kana da zaɓi, kada ka cika har baki don ganin ido. Ba ka riga ka san saurin karatunka a wannan mataki ba.

Sai maganar karo, wato laccoci biyu su faɗo a lokaci ɗaya. Nan ne nake ganin ɗalibai suna yaudarar kansu. Sai ka ji yaro ya ce zai riƙa zuwa wannan yau, gobe ya je wancan, abokinsa ya ba shi rubutu. Taura biyu ba ta taunuwa. Jami'o'i da yawa suna sa sharaɗin halartar lacca kafin a bar mutum ya zauna jarrabawa, a wasu wuraren kashi 75 cikin 100. Idan kwas yana haɗuwa sau biyu a mako kuma ka sadaukar da ɗaya daga ciki saboda karo, iyakar abin da za ka iya samu kashi 50 ne, ko da ba ka taɓa yin rashin lafiya ba. Ga gwajin ba-zata da malami zai iya kawowa ranar da kake ɗaya ajin. A wasu jami'o'in ma ana fitar da jadawalin jarrabawa ne daga na lacca, sai karon ya biyo ka har ranar jarrabawa. Da zarar ka ga karo, ka kai wa malamin da ke kula da ajinku a makon farko, a rubuce, da lambobin kwasa-kwasan biyu da rana da lokaci. Idan duka biyun na dole ne, matsalar ta sashe ce, kuma ba kai kaɗai ta shafa ba, ku haɗu ku kai tare. Idan ɗaya na zaɓi ne, ka sauya shi, kada ka tsaya jayayya.

Akwai wani karon da takarda ba ta nunawa, shi ne na tazara. Lacca ta ƙare ƙarfe 10, wata ta fara ƙarfe 10, a takarda lafiya lau. A zahiri malami ya ƙara minti biyar yana kammala misali, ɗalibai ɗari uku suna turereniya a ƙofa ɗaya, wasu minti biyar sun tafi, ɗaya ginin kuma tafiyar minti goma sha biyu ne. Ka iso kana haki, kujerun gaba sun cika, ka raɓe a baya inda ba a ganin allo, an riga an faɗi ranar gwaji da shafukan da za a karanta, domin a farkon lacca ake faɗin irin waɗannan. Maganinsa mai sauƙi ne: kafin a fara karatu gadan-gadan, ka ɗauki rana ɗaya ka taka da ƙafarka daga kowane ɗakin lacca zuwa na gaba kana duba agogo, ka rubuta mintocin. Inda ka ga tazarar ta yi yawa, ka zauna kusa da ƙofa a lacca ta farko, ka nemi wanda zai riƙe maka wuri a ta biyu.

Yanzu sai zanen kansa. Takarda ɗaya babba, ginshiƙi bakwai na kwanaki, layuka na awa-awa daga tashinka zuwa kwanciyarka. Da fensir, domin za ka goge. Barci za ka fara sakawa, awa 7 zuwa 8, lokaci ɗaya kowane dare. Na sa shi farko ne domin shi ake fara sata idan lokaci ya ƙure, alhali a cikin barci ƙwaƙwalwa ke ƙarfafa abin da aka koya da rana. Wanda ya kwana karatu ya shiga laccar ƙarfe 8 yana gyangyaɗi ya yi asara biyu. Bayan barci sai laccoci, kowace da lambar kwas da ɗaki da rukuninka. Sai lokacin tafiya da na abinci. Sannan karatun kai.

A nan ne jadawali da yawa ke mutuwa. Mutum ya rubuta "karatu" daga 4 zuwa 7, ya zauna, ya ɓata rabin awa yana tunanin wane littafi zai buɗe, ƙarshe ya buɗe wanda ya fi masa sauƙi. Kowane gurbi ka ba shi suna da aiki: "Lissafi, tambayoyi goma na babi na 2", ko "rubuta rahoton gwajin Talata". Abin da ke da suna ana iya cewa an gama shi ko ba a gama ba.

Wajen rabon awoyi, ka bi nauyin yunit da wahalar kwas, kada ka bi daɗinsa. Ga dalili. Ana fitar da matsakaicin maki ne ta hanyar ninka makin da ka samu da yunit ɗin kwas, a tara, a raba da jimlar yunit. A ma'aunin da A ke da maki 5, D ke da 2, ɗauki kwas mai yunit 1 da wani mai yunit 4. Idan ka samu A a ƙaramin, D a babban, kana da 5 da 8, wato 13, a raba gida biyar ya zama 2.6. Juya su: D a ƙaramin, A a babban, 2 da 20, wato 22, ya zama 4.4. Haruffa iri ɗaya ne, amma dubi tazarar. Duk wanda ya fahimci wannan ba zai ba ƙaramin kwas awa biyar ya bar babban da awa biyu ba.

Kuma ka warwatsa awoyin. Awa shida na kwas guda a raba su biyu-biyu cikin kwana uku ya fi a haɗa su zama ɗaya ranar Asabar. Tun 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a awoyin farko bayan koyo, daga nan ta lafa, kuma maimaitawa da tazara tana riƙe abu fiye da maimaitawa a dunƙule. Amfanin wannan a jadawalinka shi ne, kowace lacca ta samu minti 20 zuwa 30 na bita a ranar da aka yi ta. Ka rufe littafin ka gwada faɗin abin da aka koyar, ka buɗe ka cike inda ka tsallake, ka sa alama a abin da ba ka gane ba don ka tambaya. Gurbin awa ɗaya tsakanin laccoci ya isa wannan aikin. Gurbin awa uku kuwa na aiki mai nauyi ne, a laburare. Kada ka koma ɗaki, domin gado na ganinka zai kira ka, laccar ƙarfe 2 ma sai ta gagara.

Inda ɗalibi ke da damar zaɓen rukuni ko lokaci, akwai masu son tattara komai cikin kwana uku don su samu kwana biyu babu lacca. Ga wanda ke aiki ko ke zuwa daga nesa, na fahimci dalilinsa. Ga sauran, ban goyi baya ba. Lacca ta biyar a rana ɗaya jikinka ne kawai ke ciki, bitar ranar ba ta samun wuri, kuma rashin lafiyar kwana ɗaya sai ta cinye maka kashi ɗaya cikin uku na makon. Kwanakin nan biyu da aka ce na karatu ne, sau tari a barci da waya suke ƙarewa.

Kada kuma ka cika jadawalin ba masaka tsinke. Ka bar awa uku zuwa huɗu a mako babu komai a cikinsu, zai fi kyau a ƙarshen mako. Aikin da ka zaci na awa biyu ne yakan ci huɗu, malami yakan sa laccar ramuwa ba zato, a tsakiyar zango kuma gwaje-gwaje kan taru a mako guda. Idan babu wannan sararin, da abu ɗaya ya zame sai ya ture na gaba, kafin mako na uku ka yar da takardar gaba ɗaya ka ce jadawali ba ya yi maka. Hutu ma a rubuta shi da sunansa, rabin yini aƙalla, don ka yi shi da kwanciyar hankali.

Jadawalin makonni biyu na farko na wucin gadi ne. Ana sauya ɗakuna, ana matsar da lokuta, sai ka ga an soke wani layi da biro a allon sanarwa an rubuta sabo a gefe. Hoton da ka ɗauka ran farko zai iya kai ka ɗakin da babu kowa. Ka riƙa duba kwanan watan da ke jikin kowane jadawali, ka goge tsohon daga wayarka da zarar sabo ya fito. Mafi muhimmanci, ka san ranar ƙarshe ta ƙarawa ko cire kwas, ka rubuta ta da manyan baƙi. Bayan wannan ranar, kwas ɗin da ka daina zuwa amma ba ka cire a rajista ba yakan fito maka a matsayin faɗuwa, wanda kake zuwa kuma ba ka yi masa rajista ba, da wuya sakamakonsa ya shiga. Don haka ka buga takardar rajistarka, ka ajiye ta gefen jadawalinka, ka bi su layi-layi: lambar kwas, yunit, rukuni. Idan komai ya daidaita sai ka mayar da jadawalin cikin kalandar waya, da ƙararrawar minti 15 kafin kowace lacca, ko fiye idan ginin na nesa ne.

Daga nan, kowane daren Lahadi ka ba shi minti 15. Ka duba gurbin da ka tsallake a makon da ya wuce. Idan gurbi ɗaya ka tsallake mako biyu a jere, kada ka sake rubuta shi a wurin, lokacin ne bai dace da jikinka ba. Wanda kansa ba ya ɗaukar lissafi bayan ƙarfe 9 na dare ya mayar da shi safiya, ya bar wa daren aiki mai sauƙi kamar gyara rubutu da shirya littattafan gobe.