Garin da Bai Samu Awaki Ba

Aikina a ƙungiyarmu shi ne bin diddigin ayyuka, wato ni ake turawa in gano ko kuɗin masu tallafi sun yi abin da aka ce za su yi. Bara muka raba wa matan da mazansu suka rasu jajayen awaki irin na Sakkwato, kowacce bibbiyu, a wani ƙauye ta wajen Haɗejiya. Da shekara ta zagayo, masu kuɗin suka aiko daga Turai cewa sai sun ga tsarin da za mu bi mu tantance aikin kafin su saki kaso na biyu. Oga ya turo mini saƙon, ya rubuta kalma ɗaya a ƙasa: "Naka."

Takardarsu ta ce a yi awo da ma'aunai shida na OECD, ƙungiyar ƙasashe ta haɗin gwiwar tattalin arziki da ci gaba, waɗanda a da biyar ne, sai a 2019 aka ƙara ɗaya. Shidan su ne: dacewa da buƙata, jituwa da sauran ayyuka, cimma buri, tattalin kuɗi, tasiri da ɗorewa. Duk wannan fa a kan akuya. Na zauna na tsara jadawali, na zuba tambayoyi a manhajar KoboCollect don a riƙa cikewa a waya. Su kuma suka zaɓi watan Agusta, tsakiyar damina, saboda shi ya yi daidai da rahotonsu. Direbanmu ya leƙa jadawalin, ya tambaye ni a wane layi na sa kuɗin kwalekwale.

Wannan duk mai sauƙi ne. Inda gizo yake saƙa shi ne garin kwatance. Dabarar ita ce, in kana son sanin ko awakin ne suka canza rayuwar matan, ba damina mai albarka ko tsadar riɗi ba, sai ka nemi wani gari mai kama da shi wanda bai samu komai ba, ka yi musu tambayoyi iri ɗaya, ka gwada. A takarda hikima ce, ba na musu. Amma wanda ya ƙirƙiro ta ba shi ne zai je ya durƙusa gaban dagaci ba.

Na zaɓi garin da ke maƙwabtaka da su, na je neman izini. Na cire takalmi, muka gaisa har da tambayar gajiya.

"Ranka ya daɗe, so muke mu yi wa matan garin nan tambayoyi a kan awaki."

"Madalla, Allah ya saka da alheri. Guda nawa kuka kawo?"

"Ai ba mu kawo ba."

"To yaushe za su iso?"

"Allah ya taimake ka, ku ai an zaɓe ku ne saboda ba ku samu ba."

Zauren ya yi tsit. Dagaci ya gyara rawani, ya dube ni ya ce, "Wato ɗana, can kun raba awaki, mu kuma kun zo ku raba mana tambayoyi?" Dattawan da ke gefe suka amsa baki ɗaya, "Gaskiya ne!" Ni ma da na rasa ta cewa, na ce gaskiya ne.

Da ƙyar ya yarda. Ina fitowa ina hamdala, sai ga wata jar akuya ta gifta ni, da alamar roba ruwan ɗorawa a kunnenta. Na bi ta har gindin rumbu, na kama kunne na duba. Lambarmu ce, da hannuna na rubuta. Na ɗaga kai, ga wata can, ga wata da 'ya'ya biyu.

Wata tsohuwa ta leƙo ta kan danga ta ce, "Kai yaro, sakar mini akuya! Ta yayata ce, kiwo ta ba ni, in ta haihu mu raba." Ashe matan can, masu ƙarancin fili da harawa, sun rarraba wa 'yan uwansu da ke aure a nan. Akuya kuwa wata biyar take ɗaukar ciki, sau da yawa tagwaye take zubawa. Garin da bai samu awaki ba ya cika da awakinmu.

A taron Zoom na yi wa baturiyar masu tallafin bayani dalla-dalla. Ta yi rubutu, sannan ta tambaya ko ba za mu samo garin da ba shi da dangantaka da na farkon ba, babu auratayya, babu kasuwa ɗaya. Oga ya kashe makirufo ya kwanta a kan tebur yana dariya, ya bar ni ina gyaɗa kai ina cewa za mu duba.

Da yamma sai ga kiran dagaci, ashe labari ya kai masa. Ya ce, "Ɗana, kada ka damu. Ka faɗa mini ranar da za ku zo, zan sa yara su kora su daji tun da asuba, ku rubuta ba mu da ko ɗaya. Amma a kaso na biyu, sunanmu ne a sama."