Yaro ba ya koyon kiɗa shi kaɗai

Wata makaranta mai zaman kanta a nan Kumasi, wadda yawancin ɗalibanta 'ya'yan unguwannin zango na Aboabo da Asawase ne, ta rushe ƙungiyar badujalarta a farkon wannan zangon karatu. Ta kulle ganguna da bigiloli a sito, sannan ta aika wa iyaye takarda cewa duk mai son ɗansa ya koyi kiɗa zai biya ƙarin kuɗi, a zaunar da yaron gaban fiyanon lantarki shi kaɗai, da abin sauraro a kunne don kada ya dami kowa. Hukumar makarantar ta kira wannan ci gaba. Ni kuwa ina ganin an raba yara da hanyar da ta fi kowace inganci wajen koyon kiɗa, aka kuma sa iyayensu su biya kuɗin wannan asara.

Duk wanda ya tashi a zango ya san yadda ɗan makaɗi yake fara sana'ar gidansu. Ba a zaunar da shi a yi masa bayani. Kanzagi ake rataya masa ranar biki ko suna, a ba shi bugu ɗaya tak, ya yi ta maimaita shi ba tsayawa, yayin da babbar ganga take zuba kirari a kansa, tana shiga tana fita. Idan ya yi sauri, ƙafafun masu rawa za su tona shi; idan ya yi sanyi, harara ɗaya daga ubansa ta ishe shi gyara. A nan yake koyon abin da ya fi wuya a kiɗa, wato riƙe nasa bugun alhali kunnensa yana kan wani bugun da ya saɓa da nasa. Wannan ba ya samuwa ga yaron da aka toshe wa kunne, domin na'ura ba ta kuskure, ba ta jira, ba ta kuma bukatar ya saurare ta kafin ta ci gaba.

Maƙwabtanmu mutanen Asante ma haka suke yi. Wanda ya taɓa tsayawa a Manhyia, fadar Sarkin Asante, ranar bikin Akwasidae, da ake yi duk bayan mako shida, ya ga yadda manyan gangunan fontomfrom da na kete suke dogara ga mai buga ɗan ƙarfen dawuro, wanda shi ne yake riƙe wa kowa lokaci. Marigayi Farfesa Kwabena Nketia na Jami'ar Legon, wanda ya rasu a 2019 bayan ya shafe rayuwarsa yana nazarin kiɗan Afirka, ya sha nuna cewa yaranmu suna koyon kiɗa ne ta hanyar shiga cikin masu yinsa. E.T. Mensah, wanda ake kira sarkin kiɗan hailaif, da sarewa ya fara a ƙungiyar 'yan makaranta ta malaminsa Lamptey a Accra, tun kafin duniya ta san shi da ƙungiyar Tempos.

Masu ganin cewa wannan hanya ta gangunan gargajiya ce kawai, ba ta dace da kayan kiɗan Turawa ba, sai su dubi Benezuwela. A 1975 José Antonio Abreu ya fara shirin El Sistema da matasa 11 a wani garejin ajiye motoci, bisa ƙa'idar cewa yaro zai shiga ƙungiya tun yana farkon koyo. Daga wannan shiri Gustavo Dudamel ya fito, har ya zama jagoran babbar ƙungiyar makaɗa ta birnin Los Anjeles a Amurka.

An ce a cikin rukuni yaro mai rauni yana ɓuya a bayan gwanaye. Wanda ya faɗi haka bai taɓa jin bigila ɗaya ta kauce a tsakiyar fareti ba. Darasin mutum ɗaya yana da amfaninsa wajen gyaran yatsu da karatun rubutun kiɗa, amma wannan ƙari ne a kan tushe, kuma ba shi ne ya sa aka kulle gangunan ba. Gaskiyar magana ita ce badujala ba ta kawo kuɗi, fiyano kuwa ana iya yanka masa farashi a kan kowane yaro. Ƙungiyar da ta ɗauki ɗan mai faci da ɗan mai kanti a sahu ɗaya an mayar da ita gata na 'ya'yan masu hali, kuma abin kunya ne a ce masu kiran kansu malamai ne suka yi wannan lissafi.

Makarantun gwamnati ma ba su tsira ba. Manhajar da aka fara aiki da ita a 2019 ta ajiye kiɗa a cikin darasin fasahar ƙirƙira, tare da zane da rawa da wasan kwaikwayo, kuma sau da yawa malamin aji ne yake koyar da shi, ko da bai taɓa riƙe makaɗi ba. Sakamakon shi ne yara suna haddace sunayen ganguna a allo don cin jarrabawa.

Ya kamata Hukumar Ilimi ta Gana ta wajabta wa kowace makaranta, ta gwamnati da ta kuɗi, ta riƙe ƙungiyar kiɗa da kowane yaro zai iya shiga kyauta. Malaman ma ba sai an nemo su daga nesa ba. Tsofaffin makaɗan zango suna nan zaune, manyan lasifikoki sun ƙwace musu bukukuwa, kuma sarakunan zango da Asusun Raya Zango za su iya ɗaukar nauyin kai su makarantu ko da sau ɗaya ne a mako.