Da a ce Songhai ba ta faɗi a Tondibi ba

A wata fada, wato wurin hirar samari, a unguwar Bukoki, nan Yamai, na tarar da ɗan ƙanwata da abokansa uku sun duƙufa a kan kwamfuta ɗaya, shayi na ta tafasa a kan gawayi ba mai waiwayarsa. Taswirar Afirka ce a gabansu, ta shekarar 1444. "Kawu, ni ne Katsina," in ji shi, "yanzu na haɗa aure da gidan sarautar Ayar."

Wasan Europa Universalis IV ne, na kamfanin Paradox da ke Suwidin, wanda ya fito a 2013. Ka ɗauki ƙasa ka riƙe ta har 1821, da harajinta da fataucinta da yaƙe-yaƙenta.

Masu cewa ɓata lokaci ne ba su taɓa zama sun kalla ba. A ganina abin da ke riƙe yaran nan kalma ce guda, "da a ce". Mu a lakwal an karantar da mu tarihi kamar jerin ta'aziyya: a 1591 bindigogin Maroko suka karya Songhai a Tondibi, a 1899 rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine ta ƙone Birnin Konni. Mu haddace, mu rubuta, shi ke nan, kamar dama haka za ta kasance. Hausawa sun ce da-na-sani ƙeya ce, amma wasan nan yana ba ka damar juyawa ka dube ta. Zai ɗora ka a kan karagar Askiya, sarkin Songhai, ya ce ga baitulmali, ga dawaki, ga maƙwabci mai bindiga, me za ka yi?

A nan ne yaro ke gane cewa waɗanda suka sha kashi ba wawaye ba ne. Ina zaune ɗan namu ya ci bashi ya tara mayaƙa, ya ci Kano da yaƙi, sai talakawa suka yi masa bore, asusu ya ƙare. Ya daɗe bai ce uffan ba, sannan ya tambaye ni yadda sarakunan zamanin da suke ciyar da runduna. Shekara nawa yana lakwal, ban taɓa jin irin wannan tambaya a bakinsa ba.

Akwai abin da ya tsaya mini a rai dai. A taswirar, bayi haja ce da ake lissafawa tare da gishiri da hauren giwa, garin da aka ci kuwa launinsa kawai ke sauyawa, ba ka jin kukan kowa. Na nuna masa wurin da yatsa, na ba shi labarin Sarauniya Mangu da mutanenta na Lugu, waɗanda suka yi yaƙi da rundunar Voulet da Chanoine. Ya dakatar da wasan ya saurara.