Bindigar SKS ta China ba jabu ba ce

Da yawa daga masu sha'awar tara tsofaffin bindigogin soja, musamman a Amurka, suna raina SKS ƙirar China. Wai kwaikwayo ce ta araha, ta Rasha ce kaɗai ta gaske. Wannan magana ba ta yi wa bindigar adalci ba.

Sergei Simonov na Tarayyar Soviet ne ya zana ta, amma China ba satar fasahar ta yi ba. Soviet ɗin ce da kanta ta ba ta zane da injuna, ta tura ƙwararru, aka fara ƙera ta a 1956 da sunan Type 56. Masana'antar Jianshe da ke Chongqing, wadda tambarinta lamba 26 ce cikin alwatika, ita ta fi shahara, kuma a farkon aikin har da sassan da aka kawo daga Soviet aka haɗa. Harsashi goma take ɗauka, irin na AK-47, ɗaya bayan ɗaya take harbawa.

To me ya kawo arahar? Yawa. Soviet ta bar ta da wuri ta koma AK, China kuwa ta ci gaba da ƙera miliyoyi, aka yi ta jibge su a kasuwar Amurka har gwamnatin Clinton ta hana shigo da su a 1994.

Gaskiya ne daga baya an sauƙaƙa wasu sassan don rage kuɗi, kuma waɗanda aka yi wa kasuwa daban suke da na soja. Shi ya sa mai tarawa na ƙwarai tambarin masana'anta da lambar jiki yake fara dubawa.