Kalmar "Gate" a Titunan York Ba Ƙofa Take Nufi Ba

Baƙon da ya shiga birnin York a arewacin Ingila, ya ga sunaye irin su Micklegate da Stonegate da Coppergate, yakan ɗauka cewa kowannensu sunan ƙofar gari ne, tun da a Turancin yau "gate" ƙofa ce. Wannan fahimta ba daidai ba ce. A tsohon karin harshen wannan yanki kalmar tana nufin titi, kuma asalinta "gata" ce ta harshen mayaƙan Viking, mutanen arewacin Turai, waɗanda suka ci birnin da yaƙi a shekarar 866. Har yau mutanen Suwidin "gata" suke kiran titi.

Sunan Coppergate ya fi rikitar da mutane, domin ba shi da alaƙa da "copper", wato tagulla a Turance. Masana sun fassara shi da titin masu sassaƙa kofuna, kuma tonon da aka yi a wurin daga 1976 zuwa 1981 ya fito da ragowar akussa da kofuna na itace, abin da a ganina ya ƙarfafa wannan fassara ƙwarai. Ƙofofin ganuwar birnin kuwa "bar" ake kiransu, kamar Bootham Bar da Micklegate Bar.